Akwatin Eko: Na Da Ko Na Yanzu?

Yau labarin wani akwati na kawo muku, wanda saura ƙiris na zuba masa kuɗin da na yi wata shida ina tarawa.

Kun san yadda mai sanarwa a wajen biki zai ce "jama'a", sai lasifika ta amsa "ma'a... ma'a..."? To wannan amsa-kuwwar da muke kira eko, yau ɗan maɓalli ne a jikin mikisa. A da kuwa inji ne sukutum, mai moto da zaren tef irin na kaset, sai dai ya fi shi faɗi. Zaren zai bi ta kan hed mai ɗaukar sauti, sannan ya ƙarasa kan hed mai karantawa. Ɗan lokacin da ya ɓata a tsakaninsu shi ne jinkirin da kake ji. In aka mayar da sautin ya sake zagayowa, sai ya yi ta maimaituwa har ya dusashe.

A 1954, a birnin Memfis na Amurka, Sam Phillips ya haɗa rikoda biyu a sitidiyonsa na Sun don ya sa wa muryar Elvis Presley ɗan gajeren eko. Amma wa zai ɗauki manyan rikoda biyu zuwa wajen wasa? Sai aka shiga neman ƙarami. A 1958 Charlie Watkins ya fito da Copicat a Landan. A Amurka kuma Mike Battle ya ƙera Echoplex, wanda ake matsar da hed ɗinsa gaba ko baya don a ƙara jinkiri ko a rage.

Gagarabadau ɗin ya zo a 1974 daga Osaka ta Japan: Roland Space Echo RE-201. Hed uku ne ke karanta sauti a cikinsa, zarensa kuma ba a naɗe yake ba, a sake yake yana murɗe-murɗe cikin wani faffaɗan gida, shi ya sa ba ya saurin lalacewa. An yi ta ƙera shi har 1990. Kuma ku ji wannan: mai kamfanin, Ikutaro Kakehashi, da gyaran agogo da rediyo ya fara neman abinci.

Haka ma a Jamaika. King Tubby, wanda ake dangantawa da kiɗan dub, asalinsa mai gyaran kayan lantarki ne a Kinston. Shi da Lee Perry, mai sitidiyon Black Ark da ya shahara da Space Echo, su suka mai da eko tamkar kayan kiɗa. Za a cire murya, a bar ganga da bes, a saki kalma guda ta yi ta yawo a iska.

To me ya kore shi? Wahala. Zare yana tsinkewa, moto yana gajiya, akwatin ga nauyi. A 1976 aka samu Memory Man, mai jinkirta sauti da ɗan guntun lantarki ba tare da zare ba. A 1983 Boss ya fito da DD-2 na dijital, wanda bai wuce tafin hannu ba, kuma duk abin da ka ba shi haka zai maido maka tas. Mutane suka jibge tsofaffin a sito.

Daga baya kunnuwa suka fara kewa. Ashe ɗan rawar da zare ke yi in moto bai daidaita ba, da yadda kowace amsa ke fitowa a dushe fiye da ta baya, su ne daɗin abin. Aibin da injiniyoyi suka yi shekaru suna yaƙa, shi aka dawo ana saye. Strymon ya fito da El Capistan a 2010, Boss ya yi RE-20 a 2007 da RE-202 a 2022, duk na dijital ne masu kwaikwayon gajiyar tef. A wasu har maɓalli aka sa na tsufar da zaren ƙarya!

Yanzu ga nawa labarin. A shagon wani dattijo mai gyaran rediyo na ga RE-201, ƙura ta rufe shi. Na ce, "Baba, nawa za a bar mini?" Bai tanka ba, sai ya buɗe murfin. Robar da ke matse zare ta bushe ta yi ƙyalli. Zaren ya yi baƙi yana barin datti a kan hed. Moto na kuka. Kafasitoci sun haura shekara 30. Ya kuma juya bayansa ya nuna mini rubutun wuta: na kasuwar Japan ne, bolt 100 yake sha, tamu kuwa 230 ce. Ka jona shi kai tsaye, sai hayaƙi.

Sannan ya ce, "Ɗana, sayen ba shi ne wuya ba. Ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga wa roba. In na kwanta dama, wa zai buɗe maka shi?"

Wallahi maganar ta zauna mini. Wanda ya sayi tsohon eko kamar ya sayi doki ne, kullum da hidimarsa: goge hed da sifirit, zare masa maganaɗisun da ya taru, sauya zare da roba, waɗanda galibi sai an yi odarsu daga waje. Ga shi mai lafiyarsa ya fi sabon kwaikwayonsa tsada nesa ba kusa ba. In kana da sitidiyo a zaune, da wuta tsayayya, da mai gyara a kusa, bismillah, za ka ji abin da ba a faɗa da baki. In kuwa yawon biki kake, ko a ɗaki kake haɗa kiɗa da kwamfuta, sabon ya ishe ka, kuma da wuya mai sauraro a waya ya bambance.

Ni dai sabon na saya. Amma duk Asabar ina shagon Baba, muna tayar da tsohon a hankali. Makon jiya na sa robar farko da hannuna, ya ce na yi karkatacciya, na sake.

In akwai irin wannan dattijon a unguwarku, ku leƙa shi tun yana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.