Me Ya Sa Ake Kai Wa Nijar Wuta, Kiru Tana Cikin Duhu?

Wani mai injin niƙa daga Kiru ya aiko da takarda yana tambaya: yaya Nijeriya take ba Nijar wutar lantarki, alhali shi da man dizal yake niƙa?

To Malam, madalla da wannan tambaya. Asalin maganar ruwa ne. Kogin Kwara sai ya ratsa Yamai kafin ya shigo Nijeriya, kuma a kansa aka gina madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968. Ka ga in Nijar ta datse ruwan daga sama, injinan Kainji za su ji a jikinsu. Shi ya sa aka ga gara a sayar mata da wuta. A 1976 aka ja waya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya wata ta tashi daga Katsina ta nufi yankin Maraɗi. Sayarwa fa ake yi, ba sadaka ba.

Duhun Kiru kuwa hanyarsa daban. An kafa NEPA a 1972. Dokar 2005 ta rarraba ta, ta kuma kafa hukumar NERC mai yanke farashi. A Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wutar Kano, Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Shi ɗan kasuwa, ka fi mu sani, inda ciniki yake nan yake kai kaya. Ƙauyen da ke ƙarshen doguwar waya, kamar na can wajen Doguwa, jan wuta zuwa gare shi da tsada, kuɗin da za a karɓo kaɗan.

An ma gwada abin da kake nufi. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta tun daga Agusta har Maris 2024. Yamai da Maraɗi sun sha wuya, su kuma mahukuntan can suka ƙara ƙaimi wajen neman wutar kansu. Kai fa, a watannin nan bakwai, ka daina sayen dizal?

Wanda za ka riƙe yanzu yana kusa da kai. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ga madatsar Tiga nan a Bebeji tun zamanin Audu Bako, an kuma kafa mata tashar megawat 10. In ɗan majalisarku ya zo gida, tambaye shi nawa ne rabon Kiru, Bebeji da Tudun Wada a ciki.