Yadda Amurka ta toshe wa direbobin tirela hanyar ɓoye laifi

1/ Jama'a, akwai lokacin da direban tirela a Amurka zai iya yawo da lasisi uku ko huɗu a aljihu, kowanne daga jiha daban. Yau kuwa laifi ɗaya na iya zaunar da mutum shekara guda babu tuƙi. Ku biyo ni. 🧵

2/ Kafin 1986 kowace jiha da tata dokar. A wasu jihohin ma, in kana da lasisin ƙaramar mota, shi ke nan, hau tirela abinka. Babu wanda zai gwada ko ka iya juya ta a kwana ko ja da baya da ita.

3/ Dabarar direbobin ke nan: ɗan sanda ya kama ka da gudu, ka miƙa lasisin wannan jiha, gobe ka miƙa na waccan. Laifin ya warwatsu, babu inda ya taru har a ƙwace. In ma an ƙwace ɗaya, akwai saura.

4/ A Oktoban 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta kawo ƙarshen wannan: direba ɗaya, lasisi ɗaya. Daga 1 ga Afrilu 1992 duk mai jan babbar mota sai da lasisin da ake kira CDL, bayan jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Aka kuma haɗa bayanan jihohi a kwamfuta, kowace na ganin na ƴar uwarta.

5/ Amma da sauran rina a kaba. A Mayun 1999 wata bas ta kauce hanya a New Orleans, mutum 22 suka rasu. Bincike ya nuna direban na fama da ciwon zuciya da na ƙoda, kuma an taɓa sallamarsa daga aiki saboda gwajin ƙwaya. Duk da haka lasisinsa lafiya lau.

6/ Ƙarshen shekarar aka yi sabuwar doka, a Janairun 2000 aka kafa hukumar FMCSA mai sa ido kan manyan motoci. Daga baya har laifin da ka yi da motarka ta gida ana lissafa shi a kan lasisin aikinka. An kuma hana jihohi rufa wa mai CDL asiri.

7/ To ga farashin. An kama ka da maye, ko ka ƙi gwaji, ko ka yi hatsari ka gudu: dakatarwar shekara 1. In kaya masu haɗari ka ɗauko, shekara 3. Ka maimaita, an hana ka har abada, sai dai jiha na iya sake duba ka bayan shekara 10. Ma'aunin barasa a jini ma 0.04 ne ga direban tirela, rabin na sauran mutane a yawancin jihohi.

8/ Akwai masu bi musu, irin su ƙara mil 15 a kan ƙa'idar gudu, tuƙin ganganci, ko manne wa motar gabanka. Biyu cikin shekara 3, kwana 60 a gida. Uku, kwana 120. Ka tuna fa, direbobi da yawa gwargwadon nisan da suka ci ake biyansu.

9/ Tun 2010 kamfani na iya duba tarihinka da izininka: hatsarin shekara 5, binciken kan hanya na shekara 3. Tun Janairun 2020 kuma akwai rumbun da ke ajiye sunan duk wanda ya faɗi gwajin ƙwaya ko barasa.

10/ Nan ne abin ya fi ciwo. Hukuma na iya mayar maka da lasisi, amma kamfanin inshora ya ce bai yarda da kai ba. In inshora ta ƙi, mai mota ba zai ba ka makulli ba.

11/ Don haka ɗan uwa mai burin zuwa jan tirela a can, ka san cewa tarihinka ake fara dubawa kafin ƙwarewarka. Allah Ya tsare direbobinmu duk inda suke. Tura wa wanda ka san zai amfana. 🙏