Daga gyambon ƙafa zuwa ƙashi da zuciya: ɗan tarihin ciwon suga

Kafin 1921, yaron da ciwon suga ya kama ba ya daɗewa: rama, doguwar suma, sai rasuwa. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka samo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro mai shekara 14, Leonard Thompson, allurar. Ya ƙara shekara 13 a duniya, kuma ciwon huhu ne ya zama ajalinsa a 1935, lokacin penisilin bai shiga asibitoci ba.

To, da masu suga suka fara tsawon rai, sai wata matsala ta fito fili. A 1934 likita Elliott Joslin na Boston a Amurka ya ja hankali kan ruɓewar ƙafa. Dalili kuwa, suga in ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ji, ya rage gudun jini, ya raunana garkuwar jiki. Mutum ya taka ƙusa bai ma ji ba. Ƙwayar cuta, galibi stafilokok, ta shiga gyambon, ta ci har ƙashi. In ta faɗa jini, tana iya maƙalewa a ƙofofin zuciya. Kafin penisilin ya yaɗu a shekarun 1940, kusan duk wanda wannan ciwon zuciyar ya kama ba ya tashi.

Amma fa ƙwayar ba ta zauna ba. A 1961 aka gano a Ingila irin da ba ya jin metisilin. Yau ciwon ƙashi kan ci wajen sati 6 na magani, wani lokaci har da tiyata ko yanke ƙafa. Na zuciya sati 4 zuwa 6 na allura ta jijiya.

Nan Yamai, nawa ne ke sayen kafso wajen mai talla, su sha kwana biyu su aje? Wannan ba ya kai ga ƙashi, ƙwayar kawai yake koya wa taurin kai. Ƴan uwa masu suga, ku duba ƙafafunku kullum, ku bar yawo ba takalmi. Gyambon da ya ƙi warkewa, ko zazzaɓin da ya ƙi jin maganin masassara, a nufi babban asibitin Yamai ko na Lamorde tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya.