Sardauna, ƙwallon bango da ɗaliban Dutse

1/ Ƴan Limawa, musamman masu karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ku matso mu ɗan waiwaya baya.

2/ An buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Ban da aji, dole ɗalibi ya fita fili. Cikin wasanninsu akwai Fives, inda ake dukan ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu.

3/ Ahmadu Bello ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931. Ya zama Firimiyan Arewa a 1954, aiki ya yi masa yawa, amma bai saki Fives ba.

4/ Haka ma a Sin. A 1957 shugaban Jami'ar Tsinghua, Jiang Nanxiang, ya ce wa ɗalibansa su motsa jiki don su iya yi wa ƙasarsu aiki shekara 50 cikin ƙoshin lafiya. Wato gumin ma da manufarsa.

5/ Jami'ar Dutse a 2011 aka kafa ta, al'adunta yanzu suke ginuwa. Ku ne ƴan farko. Bayan la'asar, waya ko fili?