Laushin Kofaton Doki A Kudu: Dalili Da Hanyar Gyara

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, a kara na tashi, kuma abin da na lura da shi shi ne ƙafa ce ke fara nuna wa dabbar Arewa ta baro gida. Dokin da ya girma a busasshiyar ƙasar Kano ko Sakkwato, in aka kawo shi Legas ko Ibadan, damina ɗaya kan isa ta lalata masa kofato. Ga 'yan uwanmu masu ɗora mutane a bakin teku irin su Elegushi, da masu kula da dawakin folo a Ikoyi, doki mai ɗingishi yana nufin ranar ba ko sisi.

Alamomi

Dokin zai riƙa ɗari-ɗari in ya taka tsakuwa ko kwalta, yana neman gefen da ke da yashi. Bakin kofaton na tsagewa yana ɓarewa. In ka danna tafin da babban yatsa ka ji ya ɗan lotsa, to ya yi siriri.

Me ke kawo shi?

Na farko ruwa. Kofato kamar farce yake, in ya daɗe a jiƙe sai ya yi laushi. Mafi muni shi ne ya jiƙe ya bushe, ya sake jiƙewa, nan ne yake daddarewa. Ga fitsari da kashi a turke, su ma cin kofato suke. Na biyu yawan fiƙe tafin da wuƙa wai don ya yi kyan gani. Na uku abinci. A nan harawa tsada gare ta, sai a koma dusa zalla, ita kuwa dusa ba ta da isasshen sinadarin kalsiyam. Akwai kuma wanda gado ne.

Gyara daga ciki

Kofato daga sama yake tsirowa, inda gashi ya tsaya, kuma bai fi milimita 6 zuwa 10 yake yi a wata ba. Kafin sabo ya sauko har ƙasa sai an yi wata 9 zuwa 12. Saboda haka duk wanda ya ce maka garin maganinsa zai gyara kofato cikin sati biyu, kuɗinka yake so.

Sinadarin da aka fi gwadawa shi ne bayotin. Babban doki mai kilo 500 ana ba shi wajen miligiram 15 zuwa 20 kullum a cikin abinci, ba fashi. Ka duba jikin leda ko akwai zink da kofa da metiyonin, don su ma suna cikin ginin kofato. Kada ka haɗa magunguna kala biyu ko uku lokaci guda, saboda sinadarin seleniyam in ya yi yawa shi da kansa yake tsaga kofato ya zubar da gashin wutsiya. Kuma magani ba ya maye gurbin harawar wake ko ta gyaɗa.

Gyara daga waje

Magungunan taurara kofato, irin su Keratex ko ruwan aidin, tsohon kofaton suke riƙewa kafin sabon ya iso. A wanke ƙafa, a bari ta bushe sarai, sannan a shafa a tafi da ƙasan bangon kofato. Kada ya taɓa fata ko wurin tsirowa, ko tsokar nan mai kusurwa uku ta tsakiya. Wasunsu na da fomalin, sai ka sa safar hannu, ka bi ƙa'idar da ke jikin kwalba, don in ya yi yawa kofaton bushewa zai yi ya riƙa karyewa. Baƙin man mota kuwa, don Allah a daina, ba ya taurara komai.

Wanda ya fi duka araha shi ne busasshen turke. A yi rumfa, a ɗaga wurin tsayuwarsa, a zuba garin katako, a riƙa kwashe kashi safe da yamma. In ya dawo daga bakin teku a sakace yashin da ya maƙale. A datse kofato duk sati 6 zuwa 8, a bar tafin da kaurinsa. Dokin da ke yawan bin kwalta, a sa masa takalmi.

Yaushe za a kira likita?

In doki ya ƙi taka ƙafa ɗaya farat ɗaya, ko ka ji kofaton da zafi, ko yana jingina jikinsa baya don ya sauke nauyi daga ƙafafun gaba, wannan ya wuce shafe-shafe. Yana iya zama ƙurji a ciki, ko kumburin da yawan hatsi ke jawowa. A sauke masa sirdi, a nemo likitan dabbobi a ranar. Allah Ya tsare mana dukiyarmu.