Bergen: Garin Da Aka Koyi Lissafa Iska

Yau idan muna son sanin ko za a yi ruwa gobe, waya kawai muke dubawa. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wani babban ɓangare na wannan ilimi ya tsiro ne a Norwe, ƙasar da ke can ƙuryar arewacin Turai, inda rashin sanin yanayin gobe kan zama sanadin ajali.

Sai mun fahimci ƙasar kafin mu fahimci tarihin. Norwe doguwa ce, ta miƙe a bakin Tekun Atlantika. A birnin Tromsø da ke arewa, rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, sannan daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli ba ta faɗuwa. A Karasjok da ke cikin ƙasa, sanyi ya taɓa kai digiri 51.4 ƙasa da sifili a 1886. Amma gaɓar tekun ba ta daskarewa, saboda igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga mashigin tekun Meziko. Wannan ɗumi shi ke jawo ruwan sama da guguwa, har birnin Bergen kan samu ruwan da ya haura milimita 2,000 a shekara.

Abincin mutanen gaɓa kuwa a teku yake. Kakar kamun kifin kod a tsibiran Lofoten tana faɗowa ne daga Janairu zuwa Afrilu, daidai lokacin da teku ta fi haukacewa. An kafa hukumar yanayi ta ƙasar tun 1866 a ƙarƙashin Henrik Mohn, amma hasashen wancan zamani bai wuce kwatanta taswirar yau da ta jiya ba. A daren 13 ga Oktoban 1899, guguwa ta rutsa da masunta a Titran, mutum kusan 140 suka halaka.

A 1904 wani malamin kimiyya ɗan ƙasar, Vilhelm Bjerknes, ya fito da wata magana da ta zo wa mutane a baƙuwa. Ya ce iska tana bin dokokin kimiyya kamar yadda ruwa ke bi. Idan aka auna halin da take ciki yanzu, wato zafinta, laimarta, nauyinta, matsinta da inda ta dosa, to ƙa'idojin lissafi za su iya faɗin halin da za ta shiga gobe. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan tsari: a ba da bayanan farko, a bi matakai, a sami amsa. Matsalar ita ce babu na'urar da za ta yi lissafin a lokacin.

Yunwa ce ta fitar da maganar daga takarda. A 1917 Bjerknes ya bar Leipzig ta Jamus ya koma Bergen, Yaƙin Duniya na Ɗaya na ci gaba. Norwe ba ta shiga yaƙin ba, amma abinci ya yi ƙaranci, kuma Birtaniya ta daina aiko da rahoton yanayi ta wayar tangaraho, domin ya zama sirrin soja. Manoma suna bukatar sanin ranar da za su yi girbi. A 1918 gwamnati ta amince aka ƙara tashoshin awo masu yawa a yammacin ƙasar.

Da awon ya yawaita, sai abin da ke ɓoye ya bayyana. Ɗansa Jacob, wanda bai daɗe da cika shekara 20 ba, tare da Halvor Solberg da Tor Bergeron ɗan Suwidin, suka lura cewa guguwa tana haihuwa ne a layin da iska mai sanyi daga arewa ke karo da mai ɗumi daga kudu. Mai ɗumin ta hau sama, ta huce, ta zubar da ruwa. Suka sa wa layin sunan fagen daga, domin yaƙi ne ke bakin kowa. Layukan nan ja da shuɗi da muke gani a taswirar yanayi a talabijin, asalinsu ke nan.

Saura lissafin. Wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada shi da hannu. Ya shafe makonni shida yana lissafa hasashen awa shida, amsar kuma ta fito a karkace. A littafinsa na 1922 ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 kafin lissafi ya riga yanayin isowa. Sai a 1950 aka yi nasara a Amurka da kwamfutar ENIAC, kuma cikin masu aikin akwai ɗan Norwe, Ragnar Fjørtoft. Hasashen awa 24 ya ci kusan awa 24. Da kyar na sha ya fi da kyar aka kama ni, domin ƙofa ta buɗe.

Jacob Bjerknes ya koma Amurka, kuma a 1969 ya bayyana yadda ɗumamar ruwan Tekun Fasifik, wato El Niño, ke haɗe da sauyin iskar sama. Nan ne labarin ya taɓo mu, domin masu hasashen damina, har da hukumar NiMet, suna duba halin El Niño kafin su faɗi yadda ruwan shekara zai kasance.

A 2007 hukumar yanayin Norwe da gidan rediyo da talabijin na ƙasar, NRK, suka buɗe shafin Yr, aka kuma saki bayanan hukumar kyauta ga duk mai son gina manhaja a kansu. Sun riga sun ga abin da ɓoye rahoton yanayi ya jawo musu a lokacin yaƙi.

Abin lura a tarihin nan shi ne tsarin da aka bi. Basirar Bjerknes ta zauna shekara goma sha huɗu a takarda, sai da aka kafa tashoshi, aka sa mutane suna auna iska safe da yamma, sannan ta fara amfanar manomi da masunci. Duk ƙarfin kwamfuta, abin da aka ba ta take tauna. Inda tashoshin awo suka yi ƙaranci, kamar yawancin yankinmu na Sahel, hasashen da ke wayarmu zai ci gaba da zama rabi sani, rabi kintace.