Tarihin Giyar Ƙaramar Tarakta

Nau'o'in giyar da mai sayen ƙaramar tarakta yake zaɓa a cikinsu a yau sun samo asali ne daga wata tsohuwar matsala da ta bambanta tarakta da mota. Idan direban mota ya taka kuloci, wato na'urar da ke raba injin da ƙafafu, motar takan ci gaba da gangarawa har ya canza giya, amma tarakta wadda garmarta ke nitse cikin ƙasa tsayawa take yi cik. Saboda haka direban Ferguson TE20, wadda aka fara ƙerawa a Koventri ta Ingila a 1946 da giya huɗu ta gaba da ribas ɗaya, sai ya zaɓi giyarsa tun a bakin gona, idan kuma ya iske ƙasa mai tauri, dole ya tsaya ya sauya.

Kamfanonin Amurka ne suka fi dagewa wajen warware wannan matsala. A 1954 International Harvester ya fito da Torque Amplifier, wani hannu da ke rage gudu ya ƙara ƙarfin ja ba tare da an taka kuloci ba, sannan a 1959 Ford ya kawo Select-O-Speed mai giya goma, wadda yawan lalacewar na farkonta ya ɓata mata suna. A 1967 kuma International Harvester ya sanya giyar haidirostatik a taraktarsa samfurin 656. A wannan tsari injin yana juya famfo, famfon yana tura mai da matsi zuwa wata na'ura da ke juya ƙafafu, ta yadda gudu yake ƙaruwa ko raguwa gwargwadon man da aka tura, babu matakin giya ko ɗaya.

Sai dai wani kaso na ƙarfin injin yakan salwanta ya zama zafi a cikin man, asarar da mai yin huɗa yini guda yake gani a kuɗin gas, shi ya sa manyan taraktocin noma ba su rungumi tsarin ba. Inda ya samu gindin zama shi ne ƙananan taraktoci irin waɗanda Kubota na Japan ya fara kai wa Amurka a 1969, domin masu sayensu galibi yankan ciyawa da kwasar taki ko tsakuwa suke yi, aikin da ke buƙatar gaba da baya ba adadi. Karɓuwarsa a can ba ta nuna ya fi giyar hannu mai haƙora nagarta, aikin ne ya sauya. A arewacin Nijeriya, inda ake hayar tarakta domin kaftu da haro da jan tirela, giyar hannu ce ta fi yawa, kuma ita ce bakanike yake iya kwancewa ya sauya mata haƙoran da suka ci.